Su a Bazara: Jawabi ga Masunta da Iyalansu

Wannan jawabi ne da mai fassara na ofishin kariya ya yi a rumfar taro ta sansanin Dar es Salam, kusa da Baga Sola, a gaban masunta da matansu da shugabannin unguwanni. An buga shi don waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.

Mun san zafi ya fara, amma maganar da ta tara mu ba ta gajartuwa sosai, sai ku yi haƙuri da mu.

Kun ji jami'ar kariya ta yi nata bayanin da Faransanci, mun juya muku shi da Hausa. Ta ce mu ƙara da namu, tunda mu ma daga bakin ruwan nan muka fito, kuma akwai maganar da in aka faɗe ta da harshen ofis ba ta shiga kunne. To, ba mu zo koya wa kowa su ba. A rumfar nan akwai dattawan da suka tsufa suna jefa birgi a Doron Baga tun ba a haife mu ba, su ne za su koya mana. Abin da ya kawo mu shi ne abin da muke gani a ofis kowace shekara in bazara ta shigo: ruwa ya ja baya, kifi ya bi ruwa, masunci ya bi kifi, har ya tsinci kansa a inda ba mu da ikon isa mu taimake shi. Daga watan Maris zuwa Yuni ne mata suka fi zuwa ƙofarmu suna cewa maigida ya fita bai dawo ba.

Bari mu fara da ruwan kansa, domin matasa da yawa a nan sun girma a sansani, ba su san halinsa ba. Ruwan saman da ke sauka a kanmu ba shi ne ke cika Tafkin Chadi ba, sai ɗan kaɗan. Kusan kashi 9 cikin 10 na ruwan kogi da ke shiga tafkin daga Shari da Logon yake zuwa. Ruwan yana sauka can kudu, a ƙasar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Kamaru, ya yi watanni yana tafiya, kogunan biyu su haɗu a Njamena, sannan su zubo. Shi ya sa tafki yake cika a lokacin sanyi, wajen Disamba da Janairu, bayan damina ta daɗe da wucewa. Daga nan sai ya fara sauka. Rana da iska suna shanye kusan mita 2 na ruwa a shekara, alhali tafkin ba wani zurfi gare shi ba. Haka zai yi ta sauka har Yuni da Yuli, ko da an fara ruwan sama. Saboda haka wanda ya ga hadari ya ce ai ruwa ya kusa dawowa bakin gaɓa, ya yi kuskuren lissafi. Akwai sauran watanni a gaba, kuma a cikinsu kullum kifi ƙara nisa yake.

Dattawa suna ba mu labarin giwan ruwa, wadda mutum biyu ba sa iya ɗagawa. Gaskiya ne, tana iya wuce kilo 100. Amma giwan ruwa kifi ne mai son sarari da zurfi da ruwa mai iska. A shekarun 1960 tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi biyu, arewa da kudu, na 1984 ya ƙara ƙuntata shi, wurare da dama suka koma fadama cike da kachala da burugu. Kifin da ya iya zama a irin wannan ruwa shi ya yi yawa: tarwada, karfasa, bargi, gaiwa. Tarwada dai kun san ta. Allah Ya yi mata wani abu a cikin kai, bayan matsatsaku na numfashi da kowane kifi ke da su, wanda take shaƙar iska da shi kamar mu. In ruwa ya yi zafi ya mutu, sauran kifaye su galabaita, ita sai ta taso sama ta haɗiyi iska ta koma. Tana rayuwa a taɓo, tana jan ciki daga kududdufi zuwa kududdufi in ƙasa na da danshi.

Mun kawo wannan ne don ku ga cewa tarwada ba ta buƙatar a bi ta tsakiyar tafki. A bazara tana taruwa a gurbi da mashigai, a gindin ciyawa, a ruwan da giwan ruwa ba za ta kwana ba. Mun yarda ta kusa ta fi ƙanana, domin hannu ya yi mata yawa. Mun kuma yarda cewa a tsibiran ciki, waɗanda muke ce wa tumbu, akwai ramboshi da manyan tarwada da ba a taɓa su ba shekara da shekaru. Sai dai ku tambayi kanku dalilin da ya sa ba a taɓa su ba.

Dalilin shi ne wanda ya kore mu daga Baga ranar 3 ga Janairun 2015. Waɗanda suka iso ta Ngubuwa sun san bai tsaya a can ba, domin a Fabrairun wannan shekara an kai wa Ngubuwa hari, a Oktoba kuma bama-bamai suka tashi a kasuwar Baga Sola. A Maris na 2020, bayan harin Bohoma, gwamnatin Chadi ta ayyana yankunan Fuli da Kaya a matsayin fagen yaƙi, kuma Baga Sola a cikin Kaya take. Tun daga lokacin, wuraren da aka yarda a yi su da awoyin fita suna canzawa gwargwadon yadda tsaro yake. Hukumomin ƙasa ne ke sa su, ba HCR ba, kuma ba mu da ikon ɗage su. Abin da aka yarda da shi makon jiya yana iya zama haramun yau. Kafin kwalekwale ya taɓa ruwa, shugaban ƙungiyarku ya tambaya a ranar. Kada a dogara da “ai jiya mun je, ba abin da ya faru.”

Mu faɗi abin da kowa ya sani amma ba a son faɗa a taro. Mutanen daji, na Boko Haram, suna karɓar haraji a hannun masu su a ruwan da suke riƙe da shi. Wasu ma har takarda suke bayarwa. Akwai masu zuwa sansani suna rarrashin matasa: ku zo mu shiga, a biya kaɗan, mako biyu ka tara abin da ba ka samu a wata uku. Ƙannenmu, ku saurara da kyau. Wanda ya shiga can ya sa kansa tsakanin wuta biyu. Mutanen daji suna iya riƙe shi, su ƙwace kwalekwalen, ko su ce ɗan leƙen asiri ne. Ko da wannan ɓangare ya karɓi kuɗinsa, wani ɓangaren da ke gaba da su bai san da zancen ba. In kuma ya fito, sojan da ya gan shi daga wannan ruwa, ko ya samu takardar harajin a aljihunsa, ba zai ɗauke shi masunci ba. Jirgin sama da ke shawagi ba ya bambance mai taru da mai bindiga. Kuma zargin ba a kansa kaɗai yake tsayawa ba, yana dawowa kan sansanin gaba ɗaya, a rufe ruwa ga kowa. Duk wanda aka yi masa irin wannan tayi, ya zo ya same mu a keɓe. Ba a rubuta sunansa a allo, ba a faɗa wa maƙwabcinsa.

Haka nan wanda zuciyarsa ta koma gida. Babu wanda ya hana shi, amma komawa gida tana da hanyarta ta ofis, da rajista da bayani kan halin da garin yake ciki. Iyaka a cikin tafki ba ta da alama, mutum yana tuƙi sai ya tarar ya bar ruwan Chadi bai sani ba, kuma daga nan hannunmu ba ya kai wa gare shi.

Sai maganar dare, wadda muka fi yin gardama da ku a kanta. Kun ce tarwada da dare take kiwo, kuma gaskiyarku. Da gashin bakinta take neman abinci, ba ta damu da haske ba. Amma kwalekwale mai motsi cikin duhu, ko tocila mai walƙiya a tsakiyar ciyawa, ga mai gadi alamar hari ce, kuma ba lallai ya tsaya tambaya ba. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne kayan tarwada ba sa buƙatar mai su ya kwana a kansu. Mamari, kalli, gura, ƙugiya mai tana ko guntun sabulu, duk ana kafa su da la'asar a cikin lokacin da aka yarda, a dawo gida, da safe a je a ɗebe. Kayan su yi aikin dare, mutum ya kwana a ɗakinsa. Mun san abin da za ku ce: ɓarayi. Ana ɗage wa mutum kalli kafin ya iso. Wannan matsala ce ta gaske, kuma maganinta a ƙungiya yake: kowa ya sa wa kayansa alama, a fita tare, a shiga ruwa tare da safe, wanda aka kama da kayan wani a kai shi gaban shugabanni. In kalli ya ɓace ana iya haɗa kuɗi a sayi wani.

Game da takardu. Daga sansani zuwa Baga Sola tafiyar kilomita 10 ce da wani abu, kuma akwai shingaye. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan gudun hijira a jikinsa, a naɗe cikin leda biyu, a ɗaure a wuya ko a ƙugu, kada a bar shi a aljihun rigar da za a tuɓe a gaɓa. Wanda katinsa ya ɓace ko ya jiƙe ya lalace, ya je ofishin CNARR kafin ya koma ruwa. Wanda zai yi nisa da yankin, ko zai kai banda wata kasuwa, ya nemi takardar izinin tafiya. Dokar mafaka da Chadi ta yi a Disambar 2020 ta ba ɗan gudun hijira 'yancin yin sana'a da zirga-zirga, wannan hakkinku ne, kuna iya faɗarsa da bakinku. Amma ta kuma ɗora muku bin dokar ƙasa kamar kowa, kuma su yana da tasa doka, ta 2008, wadda ta haɗa daji da namun daji da kifi. Ma'aikatan ruwa da daji ne ke kula da ita, su ke ba da izinin su. In kun biya kuɗin izini ku karɓi rasit ku adana. Duk abin da ya fito daga HCR da abokan aikinta kuwa, kwalekwale ne, taru ne, rajista ce, kyauta ne. Wanda ya ce ku ba shi wani abu don ya sa sunanku a jerin masu samun kaya, ku kawo mana maganarsa, ko da ma'aikaci ne, ko da ɗanmu ne.

In jami'an tsaro suka tsayar da ku a ruwa, ku tsaya. Ku ajiye filafili, hannuwa a fili, mutum ɗaya ya yi magana. Kada wani ya faɗa ruwa don tsoro, kada a juya a gudu cikin ciyawa. Ku nuna kati, ku faɗi sunan shugaban ƙungiyarku, in an tafi da ku ku roƙi a sanar da CNARR da HCR. Ku kuma iyayenmu mata, nan ne aikinku yake. Kafin maigida ko ɗa ya fita, ku san da wa ya tafi, wane ruwa ya nufa, yaushe ya ce zai dawo. Wasu mazan ba sa son tambaya, mun sani, to ku ce ofis ne ya sa ku. In lokacin ya wuce bai dawo ba, ku zo a ranar. Kada ku yi kwana uku kuna jira don kunya ko don kada a ce kun tona asiri. Wanda aka tsare yau yana nan kusa, ana iya zuwa a gan shi a yi bayani. Bayan kwanaki ana iya wucewa da shi Bol ko gaba da Bol, sai neman ya yi wuya. Ko da ya shiga ruwan da aka hana, ku faɗa mana gaskiya, domin ba mu iya neman mutum a wurin da ba can ya je ba.

To, ba mutum kaɗai ke kisa a tafki ba. Daga Afrilu iskar hunturu ta kwanta, sai ruwa ya yi lumui kamar faranti, mutum ya saki jiki. A wannan lokaci ne hadarin farko ke tasowa, galibi daga gabas, galibi bayan azahar, da guguwa a gabansa tun kafin ɗigon ruwa ya sauka. Tafki marar zurfi yana saurin tayar da igiya, gajeru masu bugu a jere, kuma kwalekwalen katako da aka cika da kifi da mutane ba ya jure su. In kun ga gabas ta yi duhu ko ta yi ja, ku bar tarun a inda yake ku nemi gaɓa ko gindin ciyawa. Iskar nan kuma tana tura kirta, tsibiran ciyawar nan masu yawo, ta toshe mashigin da kuka bi da safe. Da yawa daga waɗanda suka kwana a ruwa ba da niyya ba, abin da ya same su ke nan, suka zagaya neman hanya har duhu ya rufe su. Saboda haka a bar wa komowa lokaci mai yawa.

Kwalekwalen da ya sha rana a gaɓa katakonsa yana buɗewa, a duba shi a toshe kafin a ɗora masa kaya. Kowane kwalekwale ya kasance da abin kwashe ruwa, da gora, da filafili na biyu. Wanda aka ba rigar da ke hana nutsewa ya sa ta a jiki, ba a mayar da ita matashin zama ba. Inda babu, jarkar lita 20 da ba kome a ciki, an ɗaure murfinta tam, an sa mata igiya, tana riƙe babban mutum a saman ruwa. In kwalekwale ya kife ku riƙe shi, katako ba ya saurin nutsewa, kuma an fi hango shi daga nesa fiye da kan mutum. In wani ya faɗa, a miƙa masa gora ko a jefa masa jarka. Mai nutsewa yana ƙanƙame duk wanda ya iso gare shi, shi ya sa sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. Wanda aka ceto, ko ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibitin sansani, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan awoyi.

Dorina ma a bazara take matsuwa. Gurbin da tarwada ta taru a ciki, shi ne ita ma ta samu ta kwanta, kuma mai ɗa ba ta da haƙuri ko kaɗan. In za ku ratsa wurin da aka san da ita, ku riƙa buga gefen kwalekwale don ta ɗago ku ga inda take, ku ba ta hanya mai faɗi, kada ku shiga tsakaninta da zurfi. Da asuba tana dawowa daga kiwo a tudu, masu sammako zuwa gaɓa su lura da sawunta. Mutanen gari sun san kowane gurbi mai dorina, tambayarsu ba ta rage wa kowa girma.

Yanzu maganar yara, kuma a nan jami'ar kariya ta ce kada mu sassauta. Mun san yadda aka tashe mu: yaro yana bin babansa, yana kwashe ruwa, yana koyon ɗaurin ƙugiya, haka sana'a take wucewa daga hannu zuwa hannu. Babu wanda ya ce a raba yaro da sana'ar gidansu. Ya koyi gyaran taru a inuwa, ya taya a gaɓa ranar da babu makaranta. Amma a wurinmu duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma akwai abubuwan da ba a sa yaro. Ba a tura shi ya nutsa ya kwance tarun da ya maƙale a ƙasa, domin zaren da ya riƙe kifi yana riƙe ƙafar yaro, kuma ruwan bazara ba a ganin kome a cikinsa. Ba a ba da shi haya ga mai kwalekwale ya tafi da shi kwanaki. Ba a cire shi daga aji saboda kifi ya yi yawa. Malaman makaranta suna gaya mana cewa a watannin nan ne kujerun maza ke zama wayam, daidai lokacin da jarrabawa ke matsowa. Marayu da yaran da ke zaune a hannun dangi su aka fi turawa, kuma muna lura da wannan. In gida ya rasa mai nema sai yaron, ku zo mu zauna mu duba abin da za a iya yi, kafin a kai ga ruwa.

Kayan su kuma. Gidan sauro da aka raba don barci ba taru ba ne. Idonsa ƙanana ne, yana kwashe 'ya'yan kifi har da ƙwai, yana ɗauke da maganin ƙwari, kuma wanda ya kai shi ruwa ya bar 'ya'yansa ga sauro ga damina tana tafe. Zuba guba a ruwa, irin su Gamalin, doka ta hana, kuma laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Haka yayyafa maganin ƙwari a kan banda don kada ta yi tsutsa: mutane ne za su ci, wataƙila ma 'ya'yanku. Banda in ta sha hayaƙi sosai ta bushe, aka riƙa juya ta ana sake shanyawa, tana kai wa kasuwa lafiya. Sannan in ruwan farko ya sauka za ku fara samun tarwada cikinta cike da ƙwai, tana neman ciyawar da ruwa ya rufe ta zuba. Guda ɗaya tana ɗauke da ƙwai dubbai. Ba mu ce doka ce ba, amma dattawan masunta sun san dalilin da ya sa ake sassauta mata a lokacin.

Ruwan nan yana da masu shi tun kafin mu zo. Buduma da Kanumbu sun karɓe mu a shekarar da su ma ba su da yalwa, da yawansu ma an kore su daga tsibiransu kamar yadda aka kore mu. Kowane mashigi yana da wanda ake tambaya kafin a kafa kaya. Dumba, wato jera gura a tare mashigi daga wannan gefe zuwa wancan, tana kama kifi sosai, amma ita ce kan gaba wajen haddasa faɗa, domin wanda ke bayanka ba ya samun kome. Kada a kafa ta sai da yardar masu wurin da hukuma. In ruwa ya janye, ƙasar da ya bari gona ce, an shuka masara da wake, kada a ja kwalekwale ta ciki. Shanun Kuri masu manyan ƙahonin nan suna ratsa ruwa zuwa kiwo, in suka yaga muku kalli ku kai ƙara wurin bulama tare da shugabanku, kada a taɓa dabba, kada a ɗaga wa makiyayi sanda. Rigimar mutum biyu a gaɓa tana iya rufe wa unguwa guda hanyar ruwa har ƙarshen shekara.

Akwai kuma bashi. Ɗan kasuwa ya ba ka taru da kuɗin guzuri, ya ce kifinka nasa ne a farashin da ya yanka. Wani yana yi da adalci, wani kuwa sai bazara ta ƙare bashin bai ragu ba. Kuma mun lura bashi ne ke tura mutane da yawa ruwan da aka hana, domin an matsa musu su biya. Duk yarjejeniyar da za ku yi, a yi ta gaban shaidu biyu, a rubuta nawa ne, yaushe za a biya, nawa ake cirewa a kowane kamu. Kada ku ba da katin ɗan gudun hijira ko katin abinci jingina, ko na kwana ɗaya. Wanda katinsa ke hannun wani a yanzu haka, ya zo, za mu taimaka a karɓo.

Iyayenmu mata da ƙannenmu mata masu sayen kifi a gaɓa kuna yin banda, ku gafarce mu, za mu faɗi wata magana mai nauyi. In kifi ya yi ƙaranci, akwai mazan da ke cewa ba za su sayar wa mace ba, ko ba za su ba ta bashi ba, sai ta ba da kanta. Akwai masu faɗar haka a shinge ma. Wannan zalunci ne, kuma laifin na mai nema ne, ba na wadda aka nema ba. A ofishin kariya akwai ma'aikaciya mace da mai fassara mace, ana magana a ɗaki a rufe, ba a ɗaukar wani mataki sai da yardarki. In an riga an cuce ki, ki je asibiti cikin kwana 3, domin akwai magungunan rigakafi da ba sa aiki in an wuce awa 72. Ku riƙa zuwa gaɓa ku uku ku huɗu, ku dawo da rana tsaka.

Na lafiya a taƙaice, tunda ma'aikatan asibiti za su yi nasu taron. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, ku tafi da ruwan famfo isasshe, kada ku sha na tafki. Ƙayar tarwada ko ta kurungu in ta soki mutum, a wanke da sabulu, a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, yana rage raɗaɗi, sannan a je a duba allurar tetanus. Ƙugiyar da ta shige nama kada a fizge ta baya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa, babba ko yaro, tsargiya ce, daga ruwan gaɓa ake ɗaukarta, kuma tana da magani a asibiti kyauta.

Abin da muke roƙo kafin a watse: kowace ƙungiyar kwalekwale ta tsayar da mutum ɗaya da zai riƙe sunayen waɗanda suka fita kowace safiya da ruwan da suka nufa, ya kuma tabbatar sun dawo. Shugabannin ƙungiyoyi su tsaya bayan taro mu rubuta sunayensu da unguwanninsu. Masu matsalar kati su tsaya ta hannun dama, akwai wanda zai raka su ofishin CNARR. Mata masu son magana a keɓe ba sai sun tsaya yanzu ba, su zo ofis duk ranar aiki da safe. Masu tambaya kuma ga jami'ar nan zaune, ku yi da Hausa ko da Barbarci, za mu juya mata.

Allah Ya ba da sa'ar su, Ya dawo da kowa gidansa lafiya. Malam, bisimilla, a rufe mana da addu'a.